Karatun Injiniya: Kira ga Iyaye a Kasuwar Kifi ta Baga Road

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, akwai wata hira da ke shiga rumfunan Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri, ta zauna kusa da hirar farashin tarwaɗa da ta kuɗin mota zuwa Onitsha. Wannan ya ce yaronsa ya ci maki mai kyau, injiniya yake son karantawa. Wancan ya ce kada a kuskura a bar shi a gida, a kai shi Zariya, can ne uwar karatun. Wani ya kawo labarin ɗan maƙwabcinsa da aka tura Kwatano ya dawo da digiri kafin a ankara. Wani kuma ya ce tunda Allah ya hore, a kai shi jami'ar kuɗi a Abuja a huta da yajin aiki. A ƙarshe uban yaro ya tashi da shawarwari cike da kunne, amma babu ko ɗaya da aka ɗora a kan lissafi.

Abin da ke damuna shi ne mutanen wannan kasuwa ba su da na biyu wajen lissafi. Dillalin banda ba ya sayen kwali don kyawun ɗaurinsa. Sai ya sa an kwance igiya, ya kawar da na sama da aka jera don ido, ya cusa hannu har ƙasa, ya zaro ɗaya ya karya, ya duba ko wuta ta ratsa shi har ciki, ya sansana, ya kaɗa shi a tafin hannu ya ga ko gari zai zubo, alamar ƙwari sun riga shi. Sannan ya haɗa kuɗin dako da na lodi da la'ada da kuɗin mota da abin da hanya za ta ci, kafin bakinsa ya furta "na saya". Amma ranar da za a zaɓi makarantar da za ta ci kuɗin gida shekara biyar, ta kuma ci ƙuruciyar yaro, sai mutumin nan ya saya da suna kawai, ba tare da ya buɗe ya gani ba.

Maganata a taƙaice ita ce: jami'ar da ta dace da ɗanka ita ce wadda kwas ɗin da zai karanta a cikinta yake da amincewar hukuma, wadda aljihunka zai iya kai shi ƙarshenta ko da kasuwa ta juya baya, kuma wadda zai taɓa ƙarfe da siminti da waya da hannunsa kafin ya fito. Girman suna da kyawun ƙofar shiga suna bayan waɗannan.

Da farko a san tsawon tafiyar. Digirin injiniya a Najeriya shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, ba huɗu ba kamar yawancin kwasa-kwasai. Wanda ya shiga da ƙaramar difloma yakan fara daga aji biyu, ya yi huɗu. Bayan an gama sai bautar ƙasa, sannan sai mutum ya tara aƙalla shekara huɗu yana aiki a fagen kafin ya nemi rajista da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan, wadda aka kafa da doka tun 1970. Sai da wannan rajista doka ta yarda mutum ya kira kansa injiniya, ya buga hatiminsa a kan zanen gini ko gada. Ke nan yaron da ya shiga yana ɗan shekara 18 zai doshi 28 kafin ya tsaya da ƙafarsa sosai. A kan wannan kuma sai a ƙara yajin aiki idan jami'ar gwamnati ce. A 2020 malaman jami'o'i sun yi kusan wata tara ba sa aiki, a 2022 kuma sun yi wata takwas cif, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗaliban da waɗannan shekaru suka ritsa da su, shekara biyar ɗinsu ta koma shida, wasu har da ɗoriya.

Wannan tsawon tafiya shi ya sa nake roƙon ɗan kasuwar kifi musamman da kada ya auna ƙarfinsa da shekarar da ya fi samu. Mutanen Baga Road sun san abin da nake nufi fiye da kowa. Sun ga abin da ya biyo bayan harin Baga na Janairun 2015, sun ga shekarun da aka hana su da safarar kifi daga Tafkin Chadi, lokacin da motocin da ke zuwa daga Baga da Doron Baga suka daina shigowa, manyan dillalai suka koma zaman rumfa babu kaya. Sun kuma ga ambaliyar Satumbar 2024 da ta tsayar da komai a garin. Kasuwar da kayanta ke fitowa daga bakin tafki, a kan hanya mai kusan kilomita 200 da za a iya rufewa dare ɗaya, ba kasuwar da za a ɗora mata alƙawarin biyan miliyoyi duk shekara har sau biyar ba ce, sai dai idan akwai wata kadara a gefe. Tambayar da uba zai yi wa kansa ita ce: a shekarar da na fi shan wahala cikin goman da suka wuce, da zan iya biyan wannan kuɗin? Idan amsar a'a ce, to makarantar ta fi ƙarfinsa, ko da yau yana da kuɗin a hannu. Babu asarar da ta kai ta yaron da aka ciro daga aji uku: kuɗi sun tafi, shekaru sun tafi, takarda babu.

Sai maganar tantancewa, wadda ita ce mafi yawan iyaye ba su taɓa ji ba, alhali kuwa ita ce ƙashin bayan komai. Samun lasisin jami'a daban, samun amincewar kwas daban. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana tura masana su duba kowane kwas shi kaɗai: malamai nawa ne, wane matsayi suka kai, akwai ɗakunan gwaji, akwai littattafai. Sakamakon iri uku ne. Akwai cikakkiyar amincewa, mai ɗaukar shekara biyar. Akwai ta wucin gadi, mai shekara biyu, wato an ga giɓi an ba da lokaci a gyara. Akwai kuma hanawa, inda ake dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Shi karatun injiniya kuma yana da ƙofa ta biyu, domin COREN ma tana zuwa ta yi tata tantancewar. Saboda haka a jami'a guda za ka iya samun sashen injiniyan gine-gine yana da cikakkiyar amincewa, sashen da ke maƙwabtaka da shi kuma yana jiran hukunci. Wanda ya fito daga kwas ɗin da COREN ba ta amince da shi ba, zai sha wahala wajen rajista, kuma wahalar ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da babu sauran gyara.

Neman wannan bayani ba ya buƙatar Turanci mai yawa ko sanin wani babba. Uba ko yayan yaro ya tafi ofishin shugaban sashe, ya yi sallama, ya ce: "Ranka ya daɗe, yarona ne ke son shiga nan. Wannan kwas ɗin yana da amincewar NUC da ta COREN? Cikakkiya ce ko ta wucin gadi? Wace shekara aka bayar, yaushe za ta ƙare?" Sashen da ke da gaskiya zai yi farin ciki da tambayar, wataƙila ma a nuna masa takardar. Inda aka fara kame-kame, ana cewa ana kan hanya, ana sa ran zuwansu, to a yi hattara, musamman idan kwas ɗin sabo ne da bai taɓa yaye ɗalibai ba. Hukumomin biyu kuma suna wallafa jerin kwasa-kwasan da suka amince da su, kowane yaro mai waya zai iya dubawa a intanet. Haka nan a tabbatar gurbin ya fito ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB, yaro ya shiga ya karɓa da kansa. Gurbin da aka bayar ta bayan gida, ba tare da sanin JAMB ba, yakan hana mutum tafiya bautar ƙasa.

Waje kuma fa? Araha ba ta ado. A Disambar 2023 wani ɗan jarida na jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaske. Waɗanda suka tafi ƙasashen da karatunsu ke da inganci ma ba su tsira daga wata jarrabawar ba. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun dawo da ɗalibanmu gida ana tsakiyar karatu, kuma 'yan Arewa ne da yawa cikin waɗanda aka kwaso daga Khartoum. Ga kuma faɗuwar naira: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Uban da ya yi lissafinsa da tsohon farashi ya wayi gari kuɗin makaranta sun ninka sau uku, alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba. Wanda cinikinsa da naira yake, kada ya ɗauki nauyin da za a biya da dala, sai dai idan tallafin karatu ne cikakke da ke rubuce a takarda. Kuma duk digirin waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shi kafin ya yi amfani a gida.

Yanzu mu zo kan kuɗin kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin rajista kawai, a ce ai makarantar tarayya ba tsada. Gaskiya ne a hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma suna karɓar na rajista da ɗakin gwaji da jarrabawa da asibiti da sauransu, kuma a 2023 da yawansu sun ƙara waɗannan kuɗaɗe ƙari mai yawa, har da Jami'ar Maiduguri da ta Bayero. Duk da haka rajista ita ce ƙaramin kaso ga ɗalibin da ke karatu a wani gari. Babban kaso ciki ne da makwanci da hanya. Mu ɗauki misali, kowa ya sa nasa adadin a gurbin nawa. A ce yaro na cin abincin naira 2,000 a rana, yana zaman wata takwas a makaranta kowace shekara. Kwana 240 ke nan, naira 480,000 a shekara, miliyan 2 da dubu 400 a shekara biyar, abinci kaɗai, kuma a kan zaton farashi ba zai motsa ba. Ba a sa kuɗin ɗaki ba, kuma ɗakunan kwanan makaranta ba sa isar ɗalibai, da yawa sai sun kama haya a waje. Ba a sa kuɗin mota ba, daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne, Zariya ta fi haka, zuwa da dawowa duk hutu, ga fargabar hanya da ba ta da farashi. Sannan karatun injiniya yana da nasa kayan: allon zane da kayan awonsa, kalkuleta ta kimiyya, rigar aiki da takalmin kariya, kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfin ɗaukar manhajojin zane tun daga wajen aji uku, da aikin kammalawa na aji biyar wanda sau da yawa ɗalibi ne ke sayen ƙarfe da waya da injin da zai haɗa.

Idan aka jera waɗannan, sai a ga darajar abin da ke kusa. Yaron da ke kwana a gidan ubansa a Maiduguri, yana cin tuwon gidansu, yana hawa Keke Napep zuwa jami'a a hanyar Bama, ya riga ya zubar da mafi nauyin kayan. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, kuma Shugaba Tinubu ya sanar da sa mata sunan marigayi Muhammadu Buhari a Yulin 2025, tana da tsohuwar tsangayar injiniya mai sassan gine-gine da albarkatun ruwa, injuna, lantarki, kwamfuta, sinadarai da aikin gona. Akwai wani raini da muke yi wa na gida, muna ganin sai abin da aka hau mota aka je nema ne ke da albarka. Ko mutum yana tare da siyasar Gwamna Babagana Umara Zulum ko ba ya tare da ita, tarihin karatunsa darasi ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Ya fara da ƙaramar difloma a fannin injiniyan ban ruwa a Kwalejin Fasaha ta Ramat a 1988, ya yi digirin injiniyan aikin gona a Jami'ar Maiduguri ya gama a 1994, yana tuƙin motar haya don ɗaukar nauyin kansa. Sai a digiri na biyu ne ya tafi Ibadan, ya dawo ya yi na uku a Maiduguri a 2009, ya zama farfesa, ya kuma shugabanci kwalejin da ya fara karatu a cikinta. Tsarin nan abin koyi ne: a yi digirin farko inda ya fi sauƙi, a fito da sakamako mai kyau, a ajiye tafiya nesa sai matakin gaba, inda ake samun tallafi kuma zaman shekara ɗaya ne ko biyu.

Hanyar kwalejin fasaha ma ba abin ƙyama ba ce, amma a san iyakarta tun farko. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, daga nan yaro yana da sana'a a hannu, zai iya neman shiga jami'a kai tsaye, ko ya yi shekarar koyon aiki ya ɗora da babbar difloma. Sai dai COREN ba ta yi wa mai babbar difloma rajista a matsayin injiniya kai tsaye, tana da wani rukuni dabam da take sa shi, sai ya ƙara karatu kafin ya hau na injiniyoyi. Ga yaron da makinsa bai kai ba a bana, ko gidan da ba zai iya alƙawarin shekara biyar a jere ba, shiga Ramat ya fi zaman jiran wata jarrabawar.

Ba ina cewa kada kowa ya fita ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ita ce mafi daɗewa a wannan fage a Arewa, kuma tsofaffin ɗalibanta sun cika ma'aikatu da kamfanoni, wannan kuwa yana buɗe ƙofa. Akwai Bayero a Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Modibbo Adama a Yola, da jami'ar fasaha ta tarayya a Minna, ga ta sojoji a Biu a nan cikin jiha. Idan yaro na son fannin da babu shi a gida, ko yana da kawu ko gwaggo a garin da za su riƙe shi, tafiyar tana da hujja. Amma a tuna da yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin zamani, waɗanda Borno na cikinsu. Yaron Maiduguri ya fi ƙarfi a jami'ar garinsu. Wanda ya sa wata jami'a mai cunkoso a zaɓin farko da maki tsaka-tsaki, yana iya rasa can ya rasa nan, shekara ta tafi a banza.

Jami'o'in kuɗi suna da abin da suke sayarwa na gaske: ba yajin aiki, aji ba cunkoso, shekara biyar biyar ce. Amma manyansu irin Nile da Baze a Abuja da jami'ar Amurka ta Yola miliyoyi suke karɓa a shekara. Mu sake yin misali. A ce miliyan 4 ne, shekara biyar miliyan 20. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, alawus ɗin mai bautar ƙasa 77,000. Ko da yaro ya yi sa'ar aikin da zai riƙa ajiye naira 100,000 duk wata, sai ya yi sama da shekara 16 kafin ya tara abin da aka kashe masa. Mai hali wanda wannan kuɗi ba zai taɓa jarinsa ba, babu laifi ya biya, bayan ya tabbatar da amincewar kwas ɗin. Wanda kuwa sai ya sayar da rumfa ko fili, ko ya ci bashin abokan ciniki, alhali akwai ƙanne biyar a bayan yaron, a ganina wannan zalunci ne ga sauran 'ya'yan, ko da niyya mai kyau aka yi shi. Rabin kuɗin nan ya ishi yaro digiri a jami'ar gwamnati, da kwamfuta mai kyau, da jarin buɗe wurin aikinsa bayan ya gama.

To ta yaya za a gane ingancin karatu, tunda tsada ba ta nuna shi? Gani ya kori ji. A roƙi izinin shiga ɗakin gwajin sashen. A sashen gine-gine, alal misali, akwai gwajin da kowane ɗalibi ya kamata ya yi da hannunsa. Za su kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa bisa awo, su zuba a wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin santimita 15 ta kowace fuska, su daddanna har iska ta fita. Washegari su kwance akwatin, su jefa curin kankaren cikin ruwa ya yi kwana 28. Sannan su ɗora shi a bakin wani inji mai matsa shi a hankali, allura na hawa, ana kallo, har a ji ya yi ƙara ya tsage. Adadin da allura ta tsaya a kai shi ke faɗa ko wannan kwaɓin zai ɗauki bene ko zai kashe mutane. A tambayi ɗalibin aji huɗu, ba malami ba: "Kai ka taɓa fasa naka, ko a allo aka zana muku?" A sashen injuna a duba ko injin feƙe ƙarfe yana da maiƙo da ɓarɓashin ƙarfe a ƙasansa, ko ƙura ce ta lulluɓe shi. A tambaya ko akwai wuta lokacin darasin gwaji. Amsar ɗalibai biyu ko uku ta fi duk wata takardar talla.

A kuma tambayi inda ɗaliban sashen ke zuwa koyon aiki. A aji huɗu ana sakin ɗaliban injiniya wata shida su je masana'anta ko wurin gini, ƙarƙashin shirin SIWES da asusun ITF ke kula da shi. Waɗannan watanni shida sukan yanke makomar mutum fiye da sunan jami'arsa, domin can ne wani injiniya zai ga hannunsa ya riƙe lambarsa. Yaron da ya kai takarda wani ofis aka sa masa hannu yana kwance a gida ya cuci kansa. Idan akwai inda ya kamata uba ya buɗe bakin aljihu ba tare da ƙyashi ba, to nan ne: ya biya kuɗin mota da na zama a Kano ko Kaduna ko Legas na wata shida, maimakon na shekara biyar.

Zaɓen fanni ma lissafi ne. Yara da yawa suna jin injiniyan man fetur sai ransu ya biya, amma guraben aikinsa kaɗan ne, kuma wanda ya rasa su yana da wuyar juyawa. Gine-gine da lantarki da injuna kuwa ko'ina ana nemansu, kuma mai su zai iya cin gashin kansa. A dubi Borno kanta. Madatsar Alau da ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024 aikin injiniyoyin ruwa ce. Maiduguri, garin da ya daɗe cikin duhu bayan an karya turakun wutar hanyar Damaturu a 2021, har sai da aka gina masa tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023, gari ne da farantan hasken rana suka hau rufin gidaje da rijiyoyin burtsatse, kuma kowanne yana son mai haɗawa da mai gyara. Ga garuruwan da ake sake ginawa, ga ayyukan ban ruwa na yankin tafki. Ita kanta sana'ar kifi tana jiran ɗanta da zai ƙera mata murhun banda mai cin itace kaɗan, da ɗakin sanyi mai aiki da rana, don a rage abin da ke lalacewa tsakanin tafki da kasuwa. Wannan kira bai tsaya kan 'ya'ya maza ba. Yarinyar da Allah ya ba kan lissafi, jami'ar da ke cikin gari ta sauƙaƙa wa iyayenta damuwar nesa.

Amma kafin duk wannan, a tambayi yaron tsakani da Allah ko shi ke so. Ana buƙatar kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma lissafin aji ɗaya da biyu ba ya jin roƙo. Yaron da aka tura don kawai a riƙa kiran ubansa baban injiniya, shi ne wanda ake sallama bayan shekara biyu.

Akwai taimakon da bai kamata a bari ya wuce ba. A Afrilun 2024 aka sa hannu kan dokar bashin karatu, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na shekarar. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa a nan, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ake ba wa, wannan ma wani nauyi ne a ma'aunin zaɓe. Sai dai bashi ne, ba kyauta ba, kuma 20,000 a wata ba ta kai 700 a rana ba: tana rage wa wanda ke gida kuɗin Keke, amma ba ta riƙe wanda ke baƙon gari. Akwai kuma hukumar tallafin karatu ta Jihar Borno, da ta tarayya, da asusun PTDF mai tallafa wa fannonin da suka shafi mai da gas, da tallafin kamfanoni irin NLNG da gidauniyar MTN. Yawancinsu sai ɗalibi ya shiga ya nuna maki mai kyau ake ba shi, don haka ba a gina lissafin shekarar farko a kansu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa yaro tallafi ko gurbi, a guje shi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar kifi su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Cikin 'ya'yan kasuwar akwai waɗanda suka riga suka zama injiniyoyi da malaman jami'a. A gayyace su sau ɗaya a shekara, kafin a fara cike fom ɗin JAMB, su zauna da iyaye da yara su amsa tambayoyi. Kai kuma Alhaji, da ke Hajiya, kafin ku biya ko naira ɗaya ta karɓar gurbi, ku ware rana guda ku rufe rumfa, ku ɗauki yaron ku je sashen da yake so. Ku tambayi takardar amincewa, ku leƙa ɗakin gwaji, ku dawo gida ku rubuta kuɗin shekara biyar a takarda, shi ma yana zaune yana gani.